Masu kwalliya, ku bar wa 'ya'yanmu fuskokinsu

Bayan girbin shinkafa muka yi bikin 'yar ƙanina a Gulma. An ɗauko mai kwalliya tun daga Birnin Kebbi, ta zo da akwatinta da fitilarta mai zagaye. Da ta gama da amarya, wallahi sai da na sake dubawa kafin na gane ta. Yarinyar da na goya, wankan tarwaɗa, ta koma fara sol, wuya da hannuwa kuwa suna nan da launinsu. Mai hoto ya ƙara nasa a waya, ya sirantar da hanci, ya ƙara haske.

Amma ƙanwar amarya ce ta fi tsaya mini a rai, 'yar shekara 14. Na ɗauke ta hoto tana dariya da lalle a hannu, sai ta riƙe mini mayafi ta ce, "Gwaggo, don Allah kar ki tura, ban sa filta ba, na yi baƙi." Idonta har ya kawo ruwa.

Wannan ciwo ba namu kaɗai ba ne. A ƙasar Sin, inda kamfanin ByteDance mai TikTok yake, a 2016 'yan mata suka dinga kara takardar A4 a ƙugunsu suna ɗaukar hoto, wadda ƙugunta ya fi faɗin santimita 21 ta ga kanta a matsayin mai ƙiba. A 2021 Douyin, wato TikTok ɗinsu na gida, ya taƙaita wa yara 'yan ƙasa da shekara 14 kallo zuwa minti 40 a rana. Namu yaran kuwa suna kwana da waya a ƙarƙashin matashi.

Yarinyar da ta saba ganin kanta fara a waya, wata rana za ta nemi wannan farin a kwalba. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci kan bilicin, saboda mayukan da ke ɗauke da sinadarin makuri suna lalata ƙoda, wasu kuma suna sirantar da fata har rauni ya ƙi warkewa.

Ina son kwalliya. Da kwalli da lalle da dilka da kitso aka tashe mu, kuma duk suna fito da kyawun da mace take da shi ne. Roƙona ga masu wannan sana'a, ku nemi hodar da ta dace da fatar amarya, ko da kuwa ita ce ta ce a haska ta. Mu iyaye kuma mu daina kirarin farar mace alkyabbar mata a gaban 'ya'yanmu baƙaƙe, domin suna ji.

Hoton ƙanwar amaryar nan na kai Argungu an wanke mini shi yadda yake, na rataye a ɗakina. Duk ranar da ta zo gaishe ni, ina nuna mata, ina ce mata kakarta sak.