Jinjina ga masu gyaran injin wanki na Birnin Kudu da Gwaram

A Birnin Kudu da Gwaram, sau da yawa mai gyaran firji da fanka shi ne mai gyaran injin wanki, kuma Allah ya sani ya cancanci yabo. Ana gane gwanintarsa ranar da inji ya ƙi daina shan ruwa, ya cika ya tumbatsa har tsakar gida.

Gwani ba ya gaggawar kwance inji. Filogi yake fara zarewa. In ruwa ya ci gaba da shiga bayan an yanke wuta, laifin bawul ɗin shigar ruwa ne: yashin da ruwan burtsatse ke ɗaukowa ya maƙale ciki, ya hana robar rufewa. In kuwa ya tsaya, sai ya buɗe saman injin ya lalubo wani siririn tiyo da ya haɗa gangar wanki da na'urar auna ruwa. Iskar da ruwa ke matsewa cikin tiyon nan ce ke shaida wa inji cewa ya isa haka. Dattin sabulu kan toshe shi, ɓera kan huda shi. Sai gwanin ya cire tiyon, ya hura a hankali da baki, ya kasa kunne ko na'urar za ta ce ƙas.

Sabon bawul yawanci sai an aika Kano, kasuwar Sabon Gari, ga kuɗin mota. Shi ya sa mai amana cikinsu kan fara wanke matatar bawul da tsohon buroshin haƙori kafin ya ce wa maigida a sayo wani.