Zambo Kafin Zaɓe: Tarken Harshen Tallan Suka a Siyasar Kanada

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan yadda jam'iyyar siyasa ke amfani da tallan talabijin domin laƙaba wa sabon shugaban 'yan hamayya wata siffa tun jama'a ba su gama saninsa ba. An ɗauki misalai uku daga Kanada, inda jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Stephen Harper ta yi wa shugabannin jam'iyyar Libaral uku a jere irin wannan talla tsakanin 2007 da 2015. Manufar ita ce a gano abin da ke cikin ginin jimlolin da ya sa laƙabi biyu suka kama, na uku kuwa ya suɓuce.

2.0 Misalan

An zaɓi Stéphane Dion shugaban Libaral a Disamba 2006. A Janairu 2007, ba tare da an shiga lokacin zaɓe ba, sai aka fara tallan da ke cewa shi ba shugaba ba ne. An yanko wani wuri daga muhawarar cikin gida ta jam'iyyarsa, inda ya tambaya cikin ƙosawa ko an ɗauka tsara abin da za a fifita abu ne mai sauƙi. Dion da Faransanci ya tashi, Ingilishinsa kuma da ɗan gargada, don haka muryar tasa ta zama hujja a kansa. A zaɓen 2008 jam'iyyarsa ta sami kujeru 77 cikin 308.

Magajinsa, Michael Ignatieff, malamin jami'a ne kuma marubuci wanda ya yi fiye da shekara 30 a Ingila da Amurka. Tallan 2009 ya ce ziyara kawai ya kawo. A zaɓen 2011 Libaral ta faɗo matsayi na uku da kujeru 34, shi kansa ya rasa tasa.

Justin Trudeau ya hau shugabanci a Afrilu 2013, kashegari aka fara sukarsa. Tallan 2015 ya nuna wasu masu tantance takardun neman aiki suna yanke cewa bai shirya ba tukuna. Duk da haka ya ci zaɓen da kujeru 184 cikin 338.

3.0 Nazari

Abu na farko da mai nazarin harshe zai lura da shi shi ne, babu ɗaya daga cikin laƙabin da ya zargi mutum da wani aiki. Zargin aiki yana da rana da wuri da shaidu, saboda haka ana iya ƙaryata shi. Hukunci a kan halin mutum kuwa ba shi da inda za a kama shi. In aka fassara na Dion da Hausa, jimla ce marar aikatau, wadda ba ta ɗauke da lokaci: ba a ce ya kasa jiya ba, cewa aka yi haka yake. Na Ignatieff ya fi wannan kaifi, domin asalinsa ya taɓa. Wanda aka kira baƙo, duk bayanin da zai yi a kan haraji ko ilmi maganar baƙo ce. A littafin da ya wallafa a 2013 game da rayuwarsa ta siyasa, ya nuna cewa abin da aka ƙwace masa shi ne matsayin da zai sa a saurare shi.

Na Trudeau ya bambanta, domin rashin shiri abu ne mai wucewa. Laƙabin ya rage abin da jama'a ke zato daga gare shi, har ya zamana duk muhawarar da ya yi ba tare da tuntuɓe ba ta zama raddi. Sannan ya ɗauki kalmar ya sa a tallan kansa, ya juya ma'anarta. Ke nan laƙabin da ke ɗauke da lokaci, lokacin ne ke warware shi.

Idan aka kwatanta da zambo a adabin bakan Hausa, za a ga kama da bambanci. Duka biyu suna ambatar mutum kai tsaye, saɓanin habaici, kuma suna ɗaukar siffa guda su kambama ta. Waƙoƙin siyasa na zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950 sun yi haka sosai. Amma mai zambo sananne ne, ana iya mayar masa da martani a dandali guda. Muryar talla kuwa ba ta da fuska, kuma kuɗi ne ke maimaita ta. A wancan lokaci dokar Kanada ta ƙayyade kashe kuɗi ne a cikin kwanakin yaƙin zaɓe kurum, sai a 2018 aka ƙara iyaka ga 'yan watannin da ke gabansa.

Ya kamata a yi hattara kada a ɗora komai a kan talla. Shirin harajin hayaƙi ya yi wa Dion illa a 2008, kuma bunƙasar jam'iyyar NDP ta Jack Layton a lardin Kwibek ta sauya lissafin 2011.

4.0 Kammalawa

Hausawa na cewa suna linzami ne. An ga cewa wanda ya riga raɗa sunan shi ke riƙe da linzamin, musamman idan an gina laƙabin yadda ba za a iya gwada shi da wani aiki ba. Asarar ba ta ɗan takara kaɗai ba ce, domin mai zaɓe yakan yanke hukunci kafin ya ji hujja. Akwai buƙatar manazarta harsunan Nijeriya su dubi laƙabin siyasa da ake yaɗawa a rediyo da waƙa da wannan ma'auni: shin aiki ake zargi, ko kuwa hali da asali?