Dodon kakata ba shi da fukafukai

A hutun da ya wuce na koma gida Dungas, na tarar ƙanena, ɗan aji uku a koleji, ya daina fita hira. Ana gama isha'i zai baje bisa tabarma, salula a ƙirji, wani yana karanta masa littafin yaƙi daga memori. Ranar Alhamis ƴan kasuwar Maigatari ke dawo musu da sababbi. Na zauna na saurara tare da shi har dare huɗu, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Marubutan nan na Kano, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun iya riƙe mutum. Yaron da ba ka ganin littafi a hannunsa sai ana gobe jarabawa, ga shi yana bin labari mai kashi biyar bai rasa sunan sadauki ko ɗaya ba. Duk mai raina wannan, to ya fara rubuta abin da zai hana ɗan shekara 15 barci, sannan mu yi magana.

Abin da ya tsaya mini a rai kalma ɗaya ce: dodo. Na ce masa ya siffanta mini dodo. Ya ce ƙato ne, mai fukafukai, mai kawuna da yawa, yana fesa wuta ta baki. Wannan ai diragon ne, wanda muke gani a fina-finan Turawa da na Sin da ake fassarawa. Masu fassara sun nemi sunan da za su ba shi, dodo ne ya fi kusa da hannu, suka ɗauka. Marubuta suka bi. Yanzu baƙo ya shige rigar mai gida, har yara sun manta da mai rigar.

Mu da muke karatun harshe an koya mana cewa ma'ana tana sauyawa, babu mai tare ta. Na yarda. Amma ku duba inda kalmar ke zaune a Hausa. Muna cewa dodon kunne, muna cewa dodon koɗi. Duka biyu abu ne da ke laɓe a cikin rami, ba ka ganinsa gaba ɗaya. Haka Dodon tatsuniya yake. Kakata ba ta taɓa faɗa mana tsawonsa ko launinsa ba. Gashi dai da yawa, ga ci, ga gida a dawa ko a bakin ruwa. Sauran kowa ya cike da tsoronsa, kuma na tabbata nawa Dodon da na yayata ba iri ɗaya ba ne, alhali tabarma ɗaya muka ji shi.

Sannan Dodonmu yana magana. Nan ne littattafan yaƙi suka fi yin asara. Dodon tatsuniya yana ciniki, yana ɗaura alkawari da mace a bakin rafi ya dawo bayan shekaru neman abinsa. Yana aro jikin saurayi kyakkyawa ya zo neman auren yarinyar da ta rantse ba ta auren mai tabo, sai an yi nisa da gari ya riƙa mayar da kayan aro ɗaya bayan ɗaya. Wa ke ceton ta? Ƙanwarta da aka hana binta. Ba takobi, ba sulke, wayo kawai da kunne mai ji. A littattafan da ƙanena ke saurare kuwa, dodo gurnani yake yi, sadauki ya sare kai, marubuci ya ƙara masa wasu kawunan a babi na gaba. Tsoron ya koma lissafi. Kai bakwai, kai arba'in, kai dubu: da ka ji na uku ka daina jin komai.

Abin dariyar, in diragon ake nema muna da shi, kuma ba nesa ba. Kalmar asalinta daga Girkanci take, tana nufin ƙaton maciji. To mene ne Sarki, macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajidda ya sare kansa? Daga Magarya zuwa Daura ba wata tafiya ba ce. Duk yarinyar da ta taɓa kwana a layin famfo cikin watan Afrilu ta san abin da macijin nan yake nufi. Amma marubutanmu sun fi son kai mu biranen da sunayensu ke kama da na Dare Dubu da Ɗaya.

Ba aro nake ƙi ba. Abubakar Imam ya yi aro son ransa a Ruwan Bagaja a 1934 da Magana Jari Ce bayansa, Bello Kagara ya kai Ganɗoki cikin aljanu. Sai dai abin da suka aro sun sa shi ya yi Hausa, ya yi gatse, ya yi ba'a. Kuma kayan suna nan ajiye: tun 1911 Frank Edgar ya fara buga tarin tatsuniyoyin da malamai suka rubuta masa, Ibrahim Yaro Yahaya ya tara nasa daga baya. Waɗanda ba a rubuta ba suna bakin tsofaffin Magarya da Dungas, in mun hanzarta.

Daren da zan tafi na ba ƙanena tatsuniyar mai ƙin tabo. Ya yi shiru har aka zo inda ango ke mayar da ƙafafun aro. Can sai ya ce, to shi wannan kawunansa nawa? Kakata daga ɗaki, ashe idonta biyu, ta ce masa ɗaya ne, kuma da shi ya gaida surukansa.