Kada manhajojinmu su cinye lanƙwasar sunayenmu

Daga unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi har Argungu, matasa sun duƙufa wajen koyon haɗa shafukan intanet, makarantu masu zaman kansu kuma suna ba su aikin manhajar sakamakon jarrabawa da katin shaidar ɗalibai. Ina murna da wannan. Abin da ke damuna shi ne wata ɗabi'a da ta biyo baya: da zarar sunan yaro ya ƙi zama a manhaja, sai a ce wa magatakarda ya daina rubuta ɗ da ƙ da ɓ.

Da yawansu da PHP suke aiki. In ana son harafin farko na suna don a taƙaita shi a kan kati, sai su rubuta $suna[0]. To, a nan PHP bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. A tsarin UTF-8 haruffan Turanci bayit ɗaya-ɗaya suke ci, amma Ɗ da Ƙ da Ɓ kowanne biyu ne. Ɗahiru haruffa 6 ne. Tambayi strlen, 7 za ta ce maka. Ka ɗauki bayit na farko, rabin Ɗ ka yanko, sai allo ya nuna wani baƙin tambari da alamar tambaya a tsakiya. Musa ya wuce lafiya, Ɗahiru da Ɗanjuma su maƙale.

Gyaran bai kai layi ɗaya ba: mb_substr($suna, 0, 1). Tun fitowar PHP 7.4 a 2019 ma akwai mb_str_split mai rarraba suna harafi-harafi. A JavaScript charAt(0) na ɗauko Ɗ cikakke, sai dai shi ma bai san cewa sh da ts kowanne baƙi ɗaya ne a Hausa ba. Shehu zai koma S, 'Yar'aduwa kuma ya koma ɗan waƙafin sama kawai. Wannan sai mai rubuta manhajar ya tanada da hannunsa, kuma Bahaushe ne ya san da shi.

Darussan da yaranmu ke kallo an gina misalansu a kan ASCII na 1963, mai alamomi 128, babu namu ko ɗaya. Shi ya sa nake roƙon malaman kwamfuta na Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi: ranar da za a koyar da ɗauko harafi daga jimla, a ɗauko rajistar aji a gwada da sunayen ciki, a kuma rage makin duk wanda manhajarsa ta yanke Ɗ biyu.