Masu Sauraren Giya

Direban a-kori-kura ya shigo gareji yana cewa giya na gurnani. Bakaniken giya na gaske ba ya saurin ɗaukar sifana. Sai ya ce, "Direba, muje mu ɗan zaga," ya zauna a gefe, ya kasa kunne.

Wannan kunnen nake jinjina wa. In ƙarar ta tashi kusan a kowace giya, musamman lamba ɗaya da ribas, ya san kuloci ne ba ya saki sosai. In a lamba biyu kaɗai take kankara, to zoben tagullar nan mai daidaita gudun haƙora kafin su haɗu ya cinye. Kukan da ake ji mota na tsaye, ya ɗauke da zarar an taka kuloci, boris ne na cikin akwatin giya. Wanda kuwa sai an taka yake fitowa, na kulocin ne. Wani lokaci ma giyar ba ta da laifi, gaɓar farfela ce ke ƙwanƙwasa, ana ɗora wa giya.

Sannan ya tsiyaye man giya, ya murza a yatsa. Ƙyalli ruwan zinariya na zobe ne. Ɓarɓashin baƙin ƙarfe kuwa, sai mai mota ya shirya aljihu.

Akwai masu cewa a sauke akwati kawai a sayo ɗan Beljiyam a Kofar Ruwa ko Panteka. Shi kuwa yakan canza zobe ɗaya da boris biyu, tsohuwar Hilux ta koma ɗaukar buhunan masara zuwa Dawanau.