Kajin Kalalatu Daga Jamus Suka Zo

Mu a ajinmu na yaƙi da jahilci a Zabori mun gama karanta labarin Kalala da Kalalatu. Yana cikin Magana Jari Ce, littafin da Alhaji Abubakar Imam ya rubuta, aka fara buga shi a Zariya a 1937.

Mun yi dariya har da hawaye. Hausar mai daɗi ce, kamar a bakin kasuwar Gaya aka tsinto ta. Sai malaminmu ya ce ai tushen labarin Jamus ne, cikin tatsuniyoyin da wa da ƙane masu suna Grimm suka tattara. Imam riga ya ɗinka masa, kuma rigar ta zauna.

Amma wuri guda ya tsaya mini a rai. A Jamus, kuku ce ta cinye kajin maigidanta, ta tsorata baƙo da wuƙa. Imam ya mai da ita matar aure. Baiwar ciki da yunwa ta koma makircin mata. Maza suka yi ta tafi. Matan ajinmu, waɗanda suka bar daka suka zo, ba su tafa ba.