Kalmar "Choir" ta Ingilishi: Tsokaci Kan Asalinta da Fassararta

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi salsalar kalmar "choir", sa'an nan mu auna fassarar da wasu ke yi mata da "'yan amshi", wadda a ganinmu ba ta dace ba.

2.0 Asali da Rubutu

Tushen kalmar shi ne "khoros" na Girkanci, watau rawa, ko ƙungiyar masu rawa da waƙa a wasan kwaikwayo. Latin ya are ta a matsayin "chorus". Daga nan ta shiga tsohon Faransanci, wanda ya yi rinjaye a Ingila bayan cin ƙasar da Normandawa suka yi a 1066. Wajen shekarar 1300 ta bayyana cikin Ingilishi da siffar "quer", daga baya ta koma "quire". Sai a ƙarni na 17 aka sake mata rubutu zuwa "choir", don ta yi kama da danginta na Latin da Faransanci. To, amma furuci bai bi alƙalami ba. Shi ya sa ake rubuta abu ɗaya, baki kuwa ya faɗi "kwaya". Mu dai ba mu ga amfanin gyaran nan ba, sai wahalar da ya jawo wa mai koyo.

3.0 Ma'ana da Fassara

Kalmar tana nufin ƙungiyar mawaƙa masu rera waƙa tare, musamman a majami'a. Tana kuma nufin sashen ginin inda suke zama. Galibi muryoyinsu kashi 4 ne, daga siririya zuwa kakkaura, kowane kashi da nasa rauji. 'Yan amshi kuwa, irin na Narambaɗa ko Shata, jiran jagora suke yi ya kai gaɓa, su karɓa. Ashe ke nan wanda ya daidaita su biyun ya ɓad da bambancin tsarin waƙa iri biyu.

A majami'un da ake sujada da Hausa an ari kalmar ta kunne, ana cewa "kwaya". Wannan aro ya bi ƙa'idar harshenmu, ya kuma fi rubutun Ingilishi kusa da furuci. Sai dai akwai haɗari: inda na'urar ɗab'i ba ta bambanta k da ƙ ba, "'yan kwaya" masu yabon Ubangiji da "'yan ƙwaya" mashaya sun zama ɗaya a idon mai karatu.

4.0 Kammalawa

Saboda haka muna ba masu ƙamus da masu fassara shawara su riƙe "ƙungiyar mawaƙa" a rubutun ilmi, su shigar da "kwaya" a matsayin kalmar aro tare da bayanin inda ake amfani da ita, su bar "'yan amshi" ga waƙar da ke da jagora da karɓi.